Yadda ake lissafin gein na hai-fas filta mai kafasita da resista

Wannan filtar dai, mai barin sigina mai babban firikwensi ta wuce ta kuma rage mai ƙarami, kayanta biyu ne kacal, sigina ta shigo ta bi ta kafasita, sai resista ya sauka zuwa giraun, kai kuma a kan resistan kake ɗaukar abin da ya fita. Gein ɗin shi ne bolt ɗin da ya fita a raba da wanda ya shiga, kuma tunda babu taransisto ko op-amp a ciki ba zai taɓa wuce 1 ba, kar ma ka tsaya nema.

Toh abu na farko ka nemo turjiyar kafasitan, Xc = 1 ÷ (2πfC), inda f shi ne firikwensin siginar, C girman kafasitan a farad, R kuma girman resistan a om, daga nan gein = R ÷ √(R² + Xc²). Shi kenan.

Bari mu ɗauki resista 10k, wato 10,000 om, da ɗan kafasitan nan da aka rubuta wa 104 a jiki, wato 100nF (nanofarad) kenan. Anan mutane ke faɗawa rami, sai mutum ya danna 100 a kalkuleta kai tsaye, a'a malam, sai ka mayar da shi farad tukuna, 0.0000001. A 50Hz, wato firikwensin wutar gida mai sa amfilifaya gurnani, Xc zai baka kusan 31,800 om, in ka sa a fomula gein ya fito 0.30, kaga in bolt 1 ya shiga 0.3 ne zai fita. Amma a 1000Hz Xc ya sauko 1,592 om, gein ya koma 0.99, kusan komai ya wuce.

Iyakar filtar kuma, wato firikwensin da ƙasa da shi take rage sigina sosai, fc = 1 ÷ (2πRC), namu 159Hz ne, a nan Xc da R suke zama daidai gein ya zama 0.707. In a dB (desibel, wani ma'aunin gein) kake so ka ɗauki log na gein ka ninka da 20, 0.707 zai baka -3dB, shi kuma 0.30 kusan -10.5dB. Ƙasa da fc sosai, duk sanda ka raba firikwensi da 10 gein ma ya ragu sau 10, wato 20dB.

Abin da ya fi ɓata lissafi a wajen aiki shi ne lodin da ka jona a gaba, in abin da ke karɓar siginar shima 10k ne to resistan naka ya koma 5k tunda a faralel suke, fc ya tashi zuwa 318Hz, bes ɗin da kake tsammanin ji ya ragu. Don haka ka haɗa lodin da R tun farko kafin ka fara danna kalkuleta, ko ka zaɓi R da ya gaza lodin a ƙalla sau 10.