Kateter ta babbar jijiya a reya (ɗakin masu tsananin ciwo): yadda za mu hana cuta shiga jini

Abokan aiki, musamman ku sabbin anfirmiye da kuka fara gardi da mu nan Damagaram, ku matso mu yi maganar kateter ɗin nan, wato siririyar robar da ake sawa cikin babbar jijiyar jini a wuya ko ƙasan ƙashin wuya ko matsematsi. Bakinta can dab da zuciya yake, duk ƙwayar cutar da ta bi ta, stafilokok ce ko kandida, cikin jini take faɗawa kai tsaye, sai ka ga masassara da rawar sanyi, tansiyo ya faɗi, mu kuma mu ce ai palu ne, zazzaɓin cizon sauro.

Ranar sawa dokta ya wanke hannu, ya sa hula da takunkumi, riga da gan (safar hannu) sterili, wato marasa ƙwayar cuta, a rufe mara lafiya tun daga kai har ƙafa, ba ɗan ƙyalle mai huji kawai ba. A goge fata da kuloreksidin mai alkol kamar sakan 30, a bari ta bushe da kanta, ban da fifita da kwali don sauri. Matsematsi kuwa a guje shi ga babba in da hali, gumi da fitsari duk nan suke taruwa. Ba ni na ƙirƙiro ba fa, Dokta Peter Pronovost ya gwada matakan nan a ɗakunan reya 103 na jihar Mishigan a Amurka, sakamakon ya fito a 2006, cutar ta ragu har kashi 66 cikin ɗari. Abin da ya fi burge ni, an ba anfirmiye ikon tsai da dokta in ya tsallake mataki. Mu nan nauyin baki ke cutar mu, alhali "Dokta don Allah gan ɗinka ya taɓa gado" ba raini ba ne.

Amma gaskiya ɓarnar ta fi yawa a hannunmu, bayan an sa. Zafin watan Afirilu da Mayu kun san shi, mara lafiya na zufa, pansema, bandejin da ke rufe wurin kateter, ya ɗaga ta gefe ƙura na shiga, wani sai ya ƙara sikoc a sama ya wuce abinsa, a'a, a canza shi nan take. In yana nan lafiya, pansema mai garai-garai ana canza shi bayan kwana 7, na kompires bayan kwana 2, a rubuta kwanan wata a kai. Kafin ka sa sirinji a robine, wato ɗan famfon da ake zuba magani cikin kateter ta nan, alkol a hannu, sannan ka goge bakin da ƙarfi sakan 15 ka jira ya bushe, kowane karo, ko sau goma ne a dare ɗaya. Tubulir ta sarom, wato robar ƙarin ruwa, ba a canza ta kafin awa 96, ta jini ko ruwan abinci mai kitse kuwa kar ta wuce awa 24.

Wani dare na ga murfin robine ya faɗi ƙasa, wata baiwar Allah mai jinyar ɗanta ta ɗauka ta goge da gefen mayafi za ta mayar, da kyakkyawar niyya wallahi. Na ce Hajiya bari, sabo za mu sa. Tun ranar nake yi wa masu jinya bayani tun farko.

Kullum da safe wajen bizit a tambaya, har yanzu ana bukatar kateter ɗin? In ƙaramar jijiyar hannu ta isa, a cire yau. Wadda aka sa cikin gaggawa ba cikakkiyar tsabta kar ta wuce awa 48. In masassara ta taso a duba wurin, ja ko mugunya, a ɗebi jinin emokiltir (gwajin neman ƙwayar cuta a jini) biyu, ɗaya ta kateter ɗaya ta hannu, kafin a fara antibiyotik.