Yadda ake gano inda ciwon haƙori yake kafin a je wurin likita

Duk haƙoran babba 32 jijiya ɗaya ke kai saƙonsu ƙwaƙwalwa, tirijeminal, ta 5 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kai ta kowane gefe. Rassa uku gare ta: na goshi da ido, na muƙamuƙin sama, na muƙamuƙin ƙasa. Da yake tushensu ɗaya, sai ka rantse na sama ke ciwo, alhali ruɓewar tana ƙasa.

Fara da gefe. Ciwon ba kasafai yake tsallakawa daga dama zuwa hagu ba, don haka duba sama da ƙasa na gefen da ke damunka.

Sai ka kurɓi ruwan randa mai sanyi. In zafin ya tsira ya wuce nan take, galibi fatar haƙorin ce ta zaizaye ko dasashi ya janye. In ya daɗe yana zuga, har ya hana ka barci, ɓargon da ke cikin haƙorin ya kumbura. Jijiyoyin ɓargon nan ciwo kawai suka sani, ba su iya nuna wuri.

Masu nuna wuri suna cikin siririn zaren da ya ɗaure saiwa da ƙashi, su ne ke sa ka ji tsakuwa guda a cikin shinkafa. Ka ɗauki cokali mai tsabta, ka ƙwanƙwasa haƙoran a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sa ka zabura, kumburin ya kai saiwarsa.

Lokacin hunturu a Maradi, ƙura da mura kan ruɗa mutane. Jijiyoyin turamen sama suna bi ta jikin kogon da ke gefen hanci. In turame da dama suna ciwo tare, kuma ya ƙaru in ka yi sujada, wataƙila kogon ne. Turmin ƙasa kuwa yakan jefa ciwo kunne.

Don Allah kada ka ɗora asfirin a kan dasashi, ƙone shi yake yi. Kuma in ciwo mai tsanani ya ɗauke da kansa, kada ka saki jiki, mai yiwuwa jijiyar ce ta mutu, ƙwayar cuta tana nan. Kumburin fuska, zazzaɓi ko wahalar haɗiya, a tafi asibiti ranar nan.

In an yi maka allura don cire turmin ƙasa, rabin leɓe da rabin harshe za su mutu na ƴan awoyi. Ka jira su farfaɗo kafin ka ci abinci ko ka sha shayi mai zafi.