Yadda Ake Ɗora Furotin Ɗin Sikila A Kan Lafiyayye A PyMOL

Ɗalibai sun yawaita tambayata wannan, ga matakan. Na ɗauki haemogulobin ne, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, don da wuya a samu dangin da sikila ba ta taɓa ba a wajenmu.

1. Buɗe PyMOL, manhajar kallon surar furotin, ka tabbata akwai intanet.
2. Rubuta: fetch 4hhb. Wannan zai sauko maka da surar lafiyayyen haemogulobin.
3. Rubuta: fetch 2hbs, na sikila ke nan.
4. Kawar da ruwa da: remove solvent.
5. Rubuta: align 2hbs and chain B, 4hhb and chain B.

Hattara! Nan ake tafka kuskure. Haemogulobin haɗin sarƙoƙi ne: sarƙar A alfa ce, B kuma beta, matsalar sikila a beta take. In ba ka sa "chain B" ba, manhajar za ta kwaso sarƙoƙi takwas na 2hbs ta cakuɗa maka. Wanda ka fara rubutawa bayan align shi ke motsawa, na biyun yana nan daram.

6. Duba lambar RMSD da ta fito, ita ke auna tazarar surorin biyu. Ƙanƙantarta, kusancinsu.
7. Rubuta: show sticks, chain B and resi 6.

Ga glutamate a lafiyayyen, valine a na sikila, dukansu tubalan ginin furotin ne (amino acid). Wannan canji guda ne ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini.

8. Adana da: save sikila.pse.