Injin gashi na lantarki: kurakuran da ke kashe shi da wuri, da waɗanda ke ɓata nama

Injin gashi mai faranti biyu, wanda ake kifa murfinsa a kan nama ya gasu sama da ƙasa lokaci guda, ya shiga cikin kayan ɗakin amare a Zariya, kuma ana ganinsa a shagunan kayan wuta na Sabon Gari da PZ. Sai dai da yawa ba sa cin shekara suna aiki. Wani ya ƙone, wani farantinsa ya kwaile, wani kuma lafiyarsa ƙalau amma an ɗora shi saman kabad saboda naman da ya gasa bai yi daɗi ba. Galibi ba laifin injin ba ne, daga riƙon da aka yi masa ne.

Uwargida, kafin ki jona shi karon farko, juya shi ki karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, don haka rubutun da kike nema shi ne 220–240V. Wanda aka ƙera domin Amurka, kamar yawancin injinan gashi samfurin George Foreman na hannu da ake shigowa da su daga can, 120V ne. Idan aka jona shi kai tsaye, zafin da zai yi ya kusa ninki huɗu na abin da aka ƙera shi ya ɗauka, kuma nan take zai ƙone. Canza masa kan fulogi ba ya maganin komai. Sai an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya wuce na injin, ita kuwa kuɗinta kan kai na sabon inji. Ni dai shawarata a bar irin wannan a shago, komai arharsa.

A wurin nan dai za ki ga yawan wat ɗinsa. Ƙananan ba sa kaiwa 1,000, manyan kuwa 1,500 zuwa 2,000 ne, wato sa'ar dutsen guga ko butar lantarki. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne jona shi a ekstenshan mai siririyar waya, wadda take ɗauke da firji da cajin waya. Wayar tana zafi, robarta ta narke, daga nan gobara take tashi. Ki ba shi soket na bango shi kaɗai. Bayan minti 10 da kunnawa ki taɓa kan fulogin. Idan ya yi zafin da ba ya riƙuwa, soket ɗin ya saki, a kira mai gyaran wuta. Kada a yanke fulogi a cusa tsirarar waya, kada kuma a karya ƙafarsa ta uku, don ita ce ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, ba zai ja babban inji ba. Haka sitabilaizar talabijin, haka yawancin inbatar sola ta gida. Masu mita kuwa su sani inji mai wat 2,000 ba ya wuce yunit ɗaya a rabin awa.

Akwai kuma ranar da wuta ke zuwa ba ƙarfi, fanka tana juyi da ƙyar. Idan ta sauka zuwa bolt 180, injin zai ba da kusan kashi 60 cikin 100 na zafinsa ne kawai. Naman ba zai gasu ba, zai tsatso ruwa ne ya dahu a ciki. Ranar a haƙura a yi farfesu.

Ko da wuta mai ƙarfi, haka zai faru idan aka ɗora nama a faranti mai sanyi. Ki kunna, ki rufe, ki ba shi kamar minti 5 har fitilarsa ta nuna ya ɗauki zafi. Kada kuma a kunna shi ba komai a ciki a tafi wani aikin, domin baƙin shafen da ke hana abinci kamawa yakan fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 na ma'aunin Celsius.

Inda aka fi shan wahala shi ne naman kansa, saboda mun saba da gashin tukuba, inda tsire yake kewaye da wuta yana gasuwa a hankali, mai nama yana juyawa yana shafa mai. Shi wannan injin ba ya gasa komai sai inda ƙarfe ya taɓa. Shi ya sa kauri ya fi komai muhimmanci. Idan kika jera yanka mai kauri da siriri, murfin zai zauna a kan mai kaurin, siririn ko taɓa shi ba zai yi ba. Ki yanka su daidai, kaurin yatsa ko ƙasa da haka, ki cire ƙashi. Cinyar kaza da ƙashinta za ta yi baƙi a waje alhali da jini a ciki. Kajin Hausa da naman tsohuwar saniya kuwa sai an fara tafasa su da albasa da citta da tafarnuwa, sannan a kai su injin su yi ja. Naman layya ma haka yake: wanda aka yanka da safe aka ɗora da rana yakan yi tauri, gara ya kwana a firji. Wanda ya fito daga firiza da ƙanƙara a jikinsa a bari ya saki tukuna, a tsane shi da tsumma mai tsabta. Nama mai jiƙe ba ya yin ja.

Kada ki cika farantin fal, ki bar tsakani. Kada ki danne murfin da hannu, nauyinsa ya isa. Dannewa romon naman take matsewa, a ƙare da abu busasshe. Tunda zafi ta sama da ƙasa yake zuwa, lokacin gashi kusan rabin na kasko ne. Siririn yankan naman shanu minti 3 zuwa 4, ƙirjin kaza marar ƙashi 5 zuwa 7. Kaza dole cikinta ya kai digiri 74 na Celsius. Idan babu ma'aunin zafi, ki ɗauko yanka mafi kauri ki tsaga a kan katako, ba a cikin injin ba, ki tabbata ba sauran ja.

Yajin tsire ma yana da nasa. Garin ƙuli-ƙuli da ke cikinsa yana saurin ƙonewa idan ƙarfe mai zafi ya matse shi, ya yi ɗaci, ya manne a kwarin farantin. Ki shafa wa naman man gyaɗa kaɗan da gishiri da kayan ƙamshi, ki gasa, sai ya kusa sauka ko bayan an sauke ki barbaɗa yajin. Duk abin da ke da sukari ko zuma haka za a yi masa. Mai kuma a jikin nama ake shafawa, ba kwarara shi ake yi a faranti ba.

Ƙaramin tiren da ke tarar kitse mutane da yawa ba sa sa shi, wasu ma tare da kwali suke jefar da shi. Ki sa shi kafin ki kunna, ki zubar da abin da ya tara bayan kowane gashi. Ki ajiye injin a kan tebur mai daidai, ba a kan tabarma ko ledar ɗaki ba, nesa da labule da hannun yara, ki buɗe taga.

Wanki ne ke kashe mafi yawan farantai. Soson ƙarfe, toka, wuƙa, cokali mai yatsu, duk suna kankare shafen, kuma wanda ya kwaile ba ya komawa. Hanyar da ta fi sauƙi: ki cire fulogi, ki bari zafin ya ragu ya koma ɗumi, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma mai kauri tsakanin farantan ki rufe na minti 10. Tururin zai sassauta duk abin da ya kama, sai ki goge da soso mai laushi da ɗan sabulun wanke-wanke, ki bi kwarin da ludayin roba ko na katako. Idan naki mai cirarren faranti ne, farantin kaɗai ake kaiwa wurin wanke-wanke. Jikin injin ba a tsoma shi a ruwa, ba a tara shi a famfo, kuma ba a watsa ruwan sanyi a faranti mai zafi. A faɗa wa duk wanda ke taya ki aiki wannan tun ranar farko, domin yarinyar da ta saba darje gindin tukunya da kyakkyawar niyya za ta darje shi.

Idan ya bushe sarai sai a ajiye a rufe. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da maiƙo ta zama danƙo, ƙamshin kitse kuma yana kiran kyankyasai da ɓeraye, su kuwa ɓeraye waya suke ci. Kada a naɗe wayar a jikinsa yana da zafi. Ranar da ya ƙi kamawa gaba ɗaya, sau da yawa wani ɗan fis ne a ciki da ke yankewa idan zafi ya wuce kima, kuma ba shi da tsada. Wasu masu gyara sukan cire shi su haɗe wayar kai tsaye don aiki ya yi sauri. Kada ki yarda. Ki ce a sa sabo mai lamba irin ta tsohon, a kuma duba abin da ya sa ya yanke.