Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo da Rawa Kyauta a Jami'a Domin Jama'ar Kano

Ɗaliban da ke nazarin wasan kwaikwayo sukan shafe makonni suna gwaji, su haddace rubutu, su ɗinka kaya, su koyi takun rawa, amma a ranar nuni yawanci malamansu da abokan karatunsu ne kawai ke zaune a gabansu. Wannan asara ce ga ɗalibai da kuma gari, domin Kano birni ne da ya saba da kallon wasa tun daga tashen watan azumi zuwa wasannin rediyo da talabijin da finafinan Hausa. A Jami'ar Bayero akwai sashen nazarin wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Tsangayar Sadarwa, akwai kuma Sashen Harsunan Nijeriya inda ake karantar da adabin Hausa, saboda haka ba a rasa masu yi ba. Abin da ke da wuya shi ne shigo da mutanen gari. Cire kuɗin shiga shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, domin magidancin Ɗorayi ko malamar Islamiyya a Rijiyar Zaki ba kuɗin tikiti ne ya hana su zuwa ba: ba su san an gayyace su ba, ba su da tabbacin za a bar su su wuce ƙofa, kuma ba su san irin abin da yaransu za su gani ba. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin ɗalibai da malaman da ke son magance waɗannan abubuwa.

Mataki na farko shi ne neman izini a rubuce. Ku fara da malamin da ke kula da aikin, daga nan takarda ta je wa shugaban sashe, sannan shugaban tsangaya da ofishin kula da harkokin ɗalibai, a kuma aika kwafi ga sashen tsaro. Ku bayyana a cikin takardar cewa baƙi daga wajen jami'a za su halarta, ku faɗi adadin da kuke tsammani, domin izinin yin wasa daban yake da izinin shigo da jama'a, kuma na biyun ne aka fi mantawa. Idan kuna da niyyar fitar da wasan zuwa wani dandali a cikin gari, ku tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ku ji sharuɗɗanta tun kafin ku buga sanarwa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen wuri, kuma a nan ya kamata a yi tunani da ƙafar mai zuwa kallo. Sabuwar Jami'a, wato sabon matsugunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, tana da manyan ɗakunan taro irin su na Musa Abdullahi, tana kusa da mutanen Rimin Gata da Rijiyar Zaki da Danbare, sai dai akwai tafiya daga babbar ƙofa zuwa cikin harabar, wadda za ta wahalar da dattijo ko mace mai goyo. Tsohuwar Jami'a, wato tsohon matsugunin, ta fi kusa da cikin birni, mutanen Kabuga da Gadon Ƙaya da Ɗorayi na iya isa da adaidaita sahu ɗaya, kuma akwai ɗakin taro na Mahmud Tukur. Akwai kuma Gidan Mambayya a Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano wanda yanzu cibiya ce ta jami'ar, mai ɗakin taro na Sa'adu Zungur. A ganina, ga wasan farko da ake son jama'a su saba, wurin da yake tsakiyar unguwanni ya fi wanda ya fi kyau amma yake nesa, domin talakan Kano ya daɗe yana shiga Mambayya ba tare da jin cewa ya shiga wurin da ba nasa ba. Duk wurin da kuka zaɓa, ku je da kanku ku ƙirga kujerun da suke da lafiya, ku duba ƙofofin fita, da ban-ɗaki, da wurin alwala.

Lokaci shi ne mataki na uku. A Kano, taron da ake son iyali su halarta yana da gurbi ɗaya mai kyau, wato tsakanin La'asar da Magariba, musamman ranar Asabar ko Lahadi. Idan aka fara da ƙarfe 4:30 aka tashi kafin 6:00, mata da yara za su kama hanyar gida da sauran haske, ba kuma za a yanke wasa a tsakiya saboda kiran salla ba. Wannan yana nufin duk shirin, da jawabi da wasa da rawa, kada ya wuce minti 90. Ku kauce wa makonnin jarrabawa, da watan azumi, da kwanakin hawan salla da hankalin gari ke komawa fada. Idan a fili za a yi, ku tuna cewa ruwan Agusta ba ya ba da sanarwa, zafin Afrilu kuma yana korar mutane daga kan kujera. Watannin Nuwamba zuwa farkon Fabrairu sun fi dacewa, ko da yake ƙurar hunturu tana shaƙe muryar 'yan wasa, sai a tanadar musu ruwan ɗumi.

Mataki na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin, shi ne zaɓen abin da za a nuna. Wasan da aka shirya domin samun maki a aji ba lallai ne ya dace da zauren da ke cike da 'yan kasuwa da matan aure da yaran firamare ba. Idan rubutun da Turanci yake, ku yi shawara tun da wuri ko za a mayar da shi Hausa, ko kuwa za a sa mai ba da labari ya riƙa fitowa tsakanin fitowa da fitowa yana taƙaita abin da ya gudana. Mayarwa Hausa ta fi, amma da sharaɗin a ba wanda ya iya harshen aikin, a kuma karanta wa wani dattijo ko wata dattijuwa kafin a haddace, domin kunnen da ya tashi a cikin ganuwa yana saurin gane maganar da ba a faɗarta haka. Kano kuma gari ne na baƙi, saboda haka ɗan taƙaitaccen bayani da Turanci a jikin takardar shiri zai amfani mutanen Sabon Gari da ɗaliban da ba sa jin Hausa. Game da jigo, kada a ji tsoron abin da ya dami mutane: shaye-shaye, faɗan daba, ƙwacen waya, tsadar aure, rikicin gado, cire yarinya daga makaranta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi suna tun shekarun 1970 wajen kai wasa cikin Samaru da ƙauyukan da ke kewaye, inda ɗalibai kan fara zama da mutane su ji matsalolinsu kafin su gina labari, kuma wannan hanya tana nan da amfaninta. Abin da ya kamata a guje wa shi ne mayar da dandali mumbarin wa'azi, inda mugu yake mugu tun daga shigowarsa, nagari kuma ba ya kuskure. Masu kallo sun san rayuwa ba haka take ba, kuma sun fi sauraron darasin da ya zo musu ta cikin dariya, kamar yadda 'yan tashe suka daɗe suna yi.

Rawa tana buƙatar kulawa ta musamman, domin ita ce ke jawo jama'a, ita ce kuma ke iya jawo magana. Ku zaɓi raye-rayen da mutane suka san asalinsu, irin su koroso, wadda ta zama tambarin Kano a bukukuwan al'adu, ku kuma koye ta daga hannun masu ita. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha da ke Gidan Ɗan Hausa ita ce wurin da ya kamata a fara tambaya a kan masu koyarwa da makaɗa. Koroso ba ta yiwuwa da kiɗan da aka ɗauka a waya aka saka a lasifika, domin mai sarewa da mai ganga suna bin ƙafar ɗan rawa ne, shi ma yana bin su, kuma ƙarar kacau-kacau ɗin da ke ɗaure a ƙafa wani ɓangare ne na kiɗan. Ku gwada takun a kan ainihin daɓen da za a yi wasan, saboda tayil mai santsi yana kayar da mai tsalle, siminti mai kaushi kuma yana cin tafin ƙafa. Idan za a nuna rawar wasu ƙabilu, misali suwange ta Tibi ko bata ta Yarabawa, a sa ɗaliban da suka fito daga can su jagoranta, a kuma gabatar da kowace da jimla biyu ko uku a kan inda ta fito da lokacin da ake yin ta. Batun sutura da cuɗanyar maza da mata kuwa a yanke shi tun a makon farko tare da malamai, bisa abin da mahaifi zai iya kallo yana zaune kusa da 'yarsa. Wannan ba tauye fasaha ba ne. Sanin waɗanda aka gayyata ne, kuma iyayen da suka fita da natsuwa su ne za su dawo da maƙwabtansu.

Mataki na biyar shi ne kuɗi, tun da kyauta ga mai kallo ba kyauta ba ce ga mai shiryawa. Ku rubuta komai: hayar janareta da mansa, lasifika da makirfo, ɗinki, kwalliya, sallamar makaɗa, buga takardu, ruwan sha, da ladan masu shara. Ku nemi gudummawa daga sashe, da tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar unguwannin da kuka gayyata, ku kuma fi karɓar kaya a kan tsabar kuɗi, domin buhunan ruwa ko aron kujeru ba sa haddasa zargi tsakanin 'yan kwamiti. Ku yi hattara da mai taimakon da ke son a ba shi rabin sa'a ya yi jawabin siyasa. A ambaci sunansa a gode masa, hakan ya wadatar. Makaɗa kuwa a biya su haƙƙinsu cikakke a ranar, domin sana'arsu ke nan.

Mataki na shida shi ne gayyata, kuma ba a yin ta da fosta kaɗai. Mako biyu kafin ranar, wakilai biyu ko uku tare da malami ɗaya su je gaida mai unguwa a zaurensa, su tuɓe takalmi, su durƙusa, su ce: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne daga jami'a, mun shirya wasa a kan tarbiyyar matasa, mun zo neman albarka da kuma izinin gayyatar jama'arka." A miƙa masa takarda mai ɗauke da rana da lokaci da wuri, a kuma roƙe shi ya halarta ko ya turo wakili. Haka za a yi wa shugabannin makarantun sakandare da na Islamiyya da ƙungiyoyin mata da na matasa. Daga nan sai sanarwa a BUK FM, gidan rediyon jami'ar, da sauran gidajen rediyon da ake saurare a gari, irin su Freedom da Rediyon Kano, da kuma saƙon murya a WhatsApp, wanda yake isa ga waɗanda karatu ke yi wa wuya. Kowace sanarwa ta faɗi abu huɗu a sarari: ba a biyan ko kwabo, ba sai da katin ɗalibi ba, ana maraba da mata da yara, kuma za a tashi kafin Magariba.

Mataki na bakwai shi ne ƙofa. Ku ɗauka wata uwa ta sauko daga adaidaita sahu da yara uku, ta doshi ƙofar jami'a a karon farko a rayuwarta, mai gadi ya tambaye ta inda za ta, ita kuwa ba ta riƙe sunan ɗakin taron ba. Idan babu wanda zai amsa mata, za ta juya, kuma ba za ta sake zuwa ba. Mai gadin aikinsa yake yi, don haka gyaran yana hannunku: ku zauna da sashen tsaro kwana biyu kafin ranar, ku ba su samfurin katin gayyata, ku ajiye ɗalibai biyu, mace da namiji, sanye da alama a bakin ƙofa tun awa ɗaya kafin farawa. Katin kyauta da aka raba ta hannun masu unguwanni da makarantu yana da amfani biyu: yana ba baƙo abin nunawa, yana kuma hana a tara mutanen da suka fi ƙarfin zauren. Kada a raba fiye da adadin kujeru, a kuma bar wasu domin waɗanda suka ji a rediyo. Idan zauren yana da nisa daga ƙofa, a nemi motar jami'a ko a yi yarjejeniya da masu adaidaita biyu su riƙa jigilar tsofaffi.

A ranar wasan, a yi cikakken gwaji da safe da kaya da fitilu da makirfo, wani ya zauna a kujerar ƙarshe ya ɗaga hannu duk lokacin da magana ta ɓace masa. A tayar da janareta a bar shi yana aiki tun kafin a fara, maimakon a jira a ɗauke wuta. A keɓe ɓangaren mata, a shimfiɗa tabarmi a gaba domin yara, a bar hanya ga masu keken guragu. A buɗe da addu'a da jawabi ɗaya wanda bai wuce minti biyar ba, a kuma fara a kan lokaci ko da babban baƙo bai iso ba, domin duk mintin da aka ɓata a farko daga ƙarshen wasan za a cire shi. A sanar tun farko ko an yarda a ɗauki bidiyo, musamman saboda ɗalibai mata da ba sa son hotonsu ya yi yawo a TikTok.

Bayan an rufe labule, a bar minti goma domin masu kallo su yi magana, a kai makirfo ɓangaren mata da gangan, domin idan ba a kai ba maza ne za su cinye lokacin. Wani ɗalibi ya rubuta abin da aka faɗa, da wurin da aka yi dariya, da wurin da zaure ya yi sanyi, a miƙa wa ajin da zai shirya na gaba tare da lissafin kuɗi da sunayen unguwannin da suka amsa gayyata. A cikin mako guda a koma wa mai unguwa da shugabannin makarantu da takardar godiya, a kuma shaida musu watan da ake sa ran yin wasa na gaba domin su saka shi cikin tsarinsu.