Kurakuran da ake yawan yi da kiristal ɗin fitilar PID

'Yan uwa masu aikin sefti a depo da masana'antun Kakuri da wajen matatar mai, wannan na'urar PID (mai gano tururin gas da hasken fitila) da kuke ratayawa tana shinshino muku tururin benzin da su tolwin, ranta gaba ɗaya yana bakin fitilarta ne, wani ɗan kiristal da bai kai farcen yatsa ba. Hasken fitilar mai gajeren zango ne ƙwarai, ƙasa da nanomita 200, iskar oksijin ma shanye shi take, gilashi kuwa sam ba ya bari ya wuce. Shi ya sa ake yin wannan kiristal, wato tagar fitilar, da magnesiyam fulorayid ko litiyam fulorayid.

To abin da ya fi yawa shi ne a ɗauke shi gilashi, mutum ya sa yatsa ko bakin riga ya goge, wani har ya hura masa iskar baki. Don Allah a daina. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya tare hasken, kuma tururin mai da na'urar ke zuƙa kullum, hasken da kansa ke gasa shi ya manne a tagar, ido ba zai gani ba amma lambar tana ta raguwa. Nan ne abin ke tayar min da hankali wallahi, don taga mai datti lamba ƙarama take bayarwa, sai a ce wa leburori ku shiga lafiya lau alhali benzin na nan. Ka cire fitilar ka riƙe ta ta jiki, ka sa tsinken auduga da garin alumina ko mitanol marar ruwa, duk wanda littafin kamfanin ya ce, ka bar ta ta bushe sarai. Ruwa kam kar ya taɓa ta.

Sai masu sayen fitilar 11.7 eV wai ta fi ƙarfi (eV ma'aunin ƙarfin hasken ne, kuma fitila na ganin gas ne kawai in ƙarfinta ya kai wanda gas ɗin ke buƙata). Gaskiya tagarta litiyam fulorayid ce, tana barin haske har wajen nanomita 105, amma tana shan danshi kuma haskenta da kansa yana cin ta, ga daminar Kaduna, a bar ta a aljihun jaka cikin Agusta ai ta gama yawo. Benzin 9.24 eV yake buƙata, fitilar kiripton ta 10.6 mai tagar magnesiyam fulorayid ta ishe shi kuma ta fi daɗewa nesa ba kusa ba. Sai in kana neman irin su kulorofom ko fomaldihayid ne za ka nemi 11.7, ka gama aiki ka cire ta ka rufe a kwalba da silika jel mai shanye danshi.

Wani kuma ya ga sifili ya ce babu gas. Ina! Mitan yana buƙatar 12.6 eV, babu fitilar da ke ganinsa, furofen (propane) na gas ɗin girki 10.95 ne, ya fi ƙarfin 10.6. Masu tashar gas ku riƙe na'urar LEL, mai auna gas mai kama wuta, daban.

Lokacin hunturu a riƙa canza filta akai-akai, ƙurar hazo in ta kwanta a cikin sensa ta haɗu da danshi sai lamba ta yi ta hawa ba dalili. Haka in ka fito da na'urar daga mota mai AC zuwa waje mai laima, ba ta ɗan lokaci ta daidaita kafin ka yarda da ita.

Kuma duk sanda ka goge taga ko ka sauya fitila, sake saiti da gas ɗin isobutilin, yawanci 100 ppm (kashi 100 cikin miliyan), sannan ka shiga menu ka gaya mata wace fitila ke ciki, don in ta ɗauka 10.6 ce alhali ka sa 11.7 duk lissafinta ya karkace.