Babi na Bakwai: Rage Yawan Kamu Wajen Koyon Waƙa da Jita

Mai koyon jita yakan sami takardar waƙar da yake so, ya ga an jera sunayen kod a saman kalmomin, irin su C da Cmaj7 da Cadd9 da Am da Am7 da D da Dsus4, sai gabansa ya faɗi, ya ajiye takardar yana ganin ta fi ƙarfinsa. Amma idan aka duba da kyau, za a tarar cewa sunayen nan bakwai dangi uku ne kacal, kuma wanda ya iya kamu uku zai iya raka waƙar tun daga farko har ƙarshe.

Kafin mu ci gaba, mu tuna da kalmomin aiki. Kod shi ne haɗin sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa tare, kamu kuwa shi ne yadda aka jera yatsu a wuyan jita domin fitar da shi, kuma kod ɗaya yana iya samun kamu da yawa. Tsirkiya ta 1 ita ce mafi siranta, ta 6 ita ce mafi kauri. Gida shi ne filin da ke tsakanin ƙarafan da aka gitta a wuyan jita. Yatsa na 1 shi ne wanda ake nuni da shi, na 2 na tsakiya, na 3 mai bi masa, na 4 kuma ƙaramin.

Sunan kowane kod yana da jiki, yana da ado. Jikin shi ne babban harafin farko, tare da ƙaramin m idan akwai shi, wanda ke nuna cewa kod ɗin maino ne, wato mai sauti kamar na damuwa. Idan babu shi, mejo ne, wato mai sauti a sake. Abin da ya biyo baya, kamar 6 ko 7 ko maj7 ko add9, ado ne, wato sauti ɗaya da aka ƙara a kan ukun asali. A nan ne masu koyo da yawa suke tuntuɓe, domin maj7 ma da m ya fara, alhali Cmaj7 ɗan dangin C mejo ne, ba ruwansa da maino.

Ku ɗauki jita ku gwada. Ku kama C yadda kuka saba: yatsa na 3 a gida na 3 na tsirkiya ta 5, na 2 a gida na 2 na tsirkiya ta 4, na 1 a gida na 1 na tsirkiya ta 2. Yanzu ku ɗaga yatsa na 1 kawai, ku sake kaɗawa. Abin da kuka ji shi ne Cmaj7. Idan kuma kuka danna wannan tsirkiya ta 2 a gida na 3, kun sami Cadd9. Duk bambancin sunayen nan uku a tsirkiya ɗaya yake, sauran huɗun ba su canja ba. Haka Am yake komawa Am7 da zarar an ɗaga yatsa na 3 daga tsirkiya ta 3. Saboda haka, a ranar farko ta koyon waƙa, duk inda kuka ga ɗaya daga cikin dangin C ku kaɗa C, duk inda kuka ga Am7 ku kaɗa Am, kuma muryar mai rerawa za ta zauna daidai a kansu.

Akwai abin da ba a taɓawa. Tsakanin A da Am ma bambancin tsirkiya ɗaya ne da gida ɗaya, domin a A ana danna tsirkiya ta 2 a gida na 2, a Am kuwa a gida na 1. Sai dai wannan sautin shi ne wanda ke raba mejo da maino, kuma shi yake sa kunne ya ji kod ɗaya a sake, ɗayan kuma kamar mai ɗauke da damuwa. Wanda ya musanya su ya canja waƙar, kuma ko wanda bai san jita ba zai ji cewa wani abu ya kauce. Haka kuma kod da aka rubuta dim ko aug a bayansa, ba a share wannan rubutun, domin a can an canja ɗaya daga cikin sautukan jikin ne.

Dangin sus suna buƙatar ɗan lura. A kamun D ana danna tsirkiya ta 1 a gida na 2. Idan aka matsa zuwa gida na 3 ya zama Dsus4, idan aka sake ta ya zama Dsus2. Wato an cire sautin nan mai raba mejo da maino an sa wani a madadinsa, don haka sunan ba ya gaya muku wanne za ku koma. Ku duba sauran takardar: idan D ne ke fitowa a wasu wuraren, ku kaɗa D, idan Dm ne, ku kaɗa Dm. Suna mai karkataccen layi a tsakiya, kamar G/B, ba shi da wahala, domin harafin hagu shi ne kod, na dama kuma shi ne sauti mafi kauri da ake kaɗawa a kod ɗin, wanda za a iya bari sai gaba.

A ganina akwai ado ɗaya da ya cancanci a riƙe tun da wuri, wato G7 idan C ne ke biye da shi. Wannan 7 ita ce ke jan kunne zuwa C, kamar mai magana da ya ɗaga murya kafin ya sauke zance, kuma idan aka zubar da ita waƙar ba ta ɓaci ba, amma saukar tana rage daɗi.

Wani lokacin kuma mai adon shi ne ya fi sauƙi. Cikakken F yana buƙatar a kwantar da yatsa na 1 a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, abin da yakan ɗauki sabon hannu makonni kafin sautin ya fita tas. Fmaj7 kuwa daga C ake zuwa gare shi cikin motsi ɗaya: yatsa na 1 yana nan inda yake, na 2 ya sauko tsirkiya ta 3, na 3 ya sauko tsirkiya ta 4, kowanne a gidansa na da, sannan a kaɗa tsirkiyoyi huɗu kawai, daga ta 4 zuwa ta 1. A waƙoƙi da yawa da aka gina a kan C, wannan kamun yana tsayawa a madadin F, amma sai an saurara, domin tsirkiya ta 1 da aka sake tana iya karo da muryar mai rerawa a wasu wuraren.

Waƙar da ke zagaye tsakanin G da Em da C da D tana da tata dabarar. Ku kafa yatsa na 3 da na 4 a gida na 3 na tsirkiya ta 2 da ta 1, kada su motsa ko kaɗan, sai na 1 da na 2 su riƙa yawo a tsirkiyoyi masu kauri. Abin da zai fito shi ne G da Em7 da Cadd9 da Dsus4, kuma hannu ba zai riƙa tashi gaba ɗaya a kowane sauyi ba, wanda shi ne babban abin da ke sa sabon makaɗi ya makara a bugu.

Aikin wannan mako shi ne ku zaɓi waƙa ɗaya, ku ɗauki fensir ku zagaye jikin kowane suna, sannan ku ƙirga kamu nawa suka rage. Ku kaɗa su sannu a hankali kuna ƙirga ɗaya zuwa huɗu a kan kowanne, har sai kun iya kai ƙarshen waƙar sau uku a jere ba tare da tsayawa ba. Bayan haka ku saurari waƙar ta asali, ku nemi wuri ɗaya da kuka ji naku ya yi fayau, ku mayar da adon wannan wurin kaɗai, ku zo da takardar a darasi na gaba.